Rasuwar Kaka a Ƙetaren Iyaka: Wa Zai Tafi, Kuma Don Me?

A garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada, irin su Tafashiya, ba abin mamaki ba ne a iske gidan da kakansa ko kakarsa ke zaune a Maraɗi, ko Tasawa, ko Damagaram. Aure ya kai wasu, fatauci da neman karatu sun kai wasu, tun kafin Turawa su shata iyaka tsakanin Najeriya da Nijar. Har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi, domin daga nan gidan ya tashi bayan jihadi. Saboda haka idan aka bugo waya da asuba cewa tsoho ya cika a can, sai gida ya rikice da tambayoyi: wa zai tafi, da me za a tafi, kuma a jira mu ko kada a jira?

Amsar ta ƙarshe a fili take: kada a jira. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da gaggauta jana'iza, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wanka da suturtawa da salla da binnewa farilla ce ta kifaya. Idan na kusa suka tsayar da ita, ta sauka daga wuyan na nesa. Malamai sun yi rangwamen ɗan jinkiri domin makusanci ya iso, muddin ba a ji tsoron canzawar gawa ba. To amma wanda zai tashi daga Tafashiya ya isa Katsina, ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa, ga shingayen bincike, ga halin tsaron hanya da ke hana tafiyar dare, ga zafin ƙasarmu, jinkirinsa ya wuce "ɗan". Mai cewa a dakata yana hanya, haƙƙin mamaci yake tauyewa domin sanyaya tasa zuciyar.

Mun ga darasin wannan lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, bayan juyin mulkin Nijar. An yi rashe-rashe a ɓangarorin biyu, an kuma sallaci mamata an binne su yadda ya kamata. Waɗanda suka sha wuya su ne masu ɗora mata da yara a kan babura su bi ɓarauniyar hanya, don kada a ce ba su zo ba. Wanda bai samu salla ba yana da addu'a, kuma babu saɓani cewa tana isa ga mamaci. Sallar ga'ibi kuwa, wadda Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta ta, Malikiyya da Hanafiyya na ganin ta keɓanta da shi. Ba abin raba sahu ba ne.

To me ya rage na tafiyar? Abu mafi girma a cikinta: zumunci. Kaka ita ce igiyar da ta ɗaure gidan nan da na can. Ita ta san wane ɗan wane ne, saboda ita ake aike da goron Salla, wurinta ake zuwa nuna jariri. Ranar da aka binne ta, idan ba a yi hattara ba, shekara goma ta isa 'ya'yan wa da ƙani su haɗu a kasuwar Jibiya suna ciniki ba su san juna ba. Don haka ra'ayinmu shi ne a tafi, kuma a tafi da jikokin da suka yi wayo, su ga gidan, su gaida baffanninsu da gwaggonninsu, su riƙe sunaye da fuskoki. Jika biyu a cikin mota sun fi amfani a kan maƙwabta goma da aka ɗauka domin cika ido.

Cika idon nan shi ke jefa magidanta cikin bashi. Wani ya sayar da tunkiyar matarsa, wani ya jinginar da gona ana tsakiyar damina, sannan ya canja nairar zuwa sefa ya ga ta ƙanƙance a hannunsa. A can kuma a sauke wa masu makoki baƙi ashirin har sadakar bakwai. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, iyalansa aka ce a dafa wa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu mun juya al'amarin, kuma sau da yawa hatsin da ake ciyar da mu daga rumbun mamaci yake fitowa, alhali ya riga ya zama na magada, wataƙila har da marayu. Mai tafiya ya ɗauki guzurinsa da abin da zai bari. Kuma babu dole a tashi ranar: malaman da suka ƙayyade ta'aziyya da kwana uku sun togace wanda ba ya gari. Ana iya jiran kaka ta yi, ko hutun makaranta. A tanadi takardar shaidar kowa, har yara, musamman tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025.

Ɗalibai su tunatar da iyayensu cewa nisan ya haura burudu huɗu, kimanin kilomita 80, don haka akwai ƙasaru, sai idan an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Maganar gado kuwa kada a tada ta a kan tabarmar gaisuwa, balle jikan da mahaifinsa ya riga rasuwa ba ya gado matuƙar mamacin ya bar ɗa namiji.

Akwai kuma tausayin da ke kai mutane ga kuskure. Idan kakan ne ya rasu, sai 'ya'yan nan su ce ba za su bar tsohuwa ita kaɗai ba, su sako ta a mota. Takabarta wata huɗu da kwana goma ce, a gidan da mijinta ya rasu ya bar ta, sai da larura ta gaskiya, kamar tsoro ko rashin mai kula. Abin da ya dace shi ne a bar mata 'ya ko jika ta zauna da ita, a riƙa aike, sannan a sa ranar dawowa idan ta fita takaba, a zauna da 'yan'uwan can a ji inda ita kanta take son zama.