Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare: Kula Da Okid Bayan Furensa Ya Zube

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani tsiro wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma ya fara shigowa manyan biranenmu ta hannun masu sayar da furanni. Sunansa okid, kuma irin da nake nufi shi ne wanda masana tsirrai ke kira Falanofsis. A Turai da Amurka ana sayar da shi cikin 'yar tukunya har a kantunan kayan abinci, mutum ya saya ya ƙawata ɗakinsa ko ya ba abokinsa kyauta ranar biki. Furensa yakan yi wata biyu zuwa uku bai yi yaushi ba. To, amma da zarar furen ya zube sai ka ga mutane da yawa sun ɗauki tukunyar sun jefa a shara, wai ya mutu. A nawa ra'ayi wannan ɗabi'a kuskure ce babba, kuma tun da tsiron ya iso gare mu, bai kamata mu karɓe shi haɗe da ita ba. Okid ɗin da ya zubar da fure yana nan da ransa, hutawa kawai yake yi, kuma a lokacin ne aikin mai shi ke farawa. Ai Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da ke jawo wannan ɓarna shi ne rashin sani, wanda ya fi dare duhu. Saboda haka bari mu fara da asalin tsiron. Gidansa na ainihi shi ne dazuzzuka masu ɗumi da yawan ruwan sama na kudu maso gabashin Asiya, watau ƙasashe irin su Indonesiya da Malesiya da Filifin, har zuwa Taiwan da arewacin Ostareliya. A shekara ta 1825 wani masani mai suna Carl Blume, wanda ya shugabanci lambun tsirrai na Bogor a tsibirin Java, ya raɗa masa sunan Falanofsis. Daga harshen Girka ya ɗauko sunan, ma'anarsa kuwa "mai kama da faɗa-wuta", ƙwaron nan ɗan'uwan malam-buɗe-littafi da ke yawo da dare, domin furen yakan buɗe kamar fukafukansa. Mutanen Indonesiya suna ji da shi ƙwarai, har a shekara ta 1993 gwamnatinsu ta sa farin irinsa cikin furannin ƙasa guda uku.

A can dajin, okid ba ya tsirowa a ƙasa. A kan reshen itace yake maƙalewa, saiwoyinsa suna reto a iska. Kada mai karatu ya ɗauka irin kauci ne da muke gani a kan ɗorawa da kaɗanya. Shi kauci yana huda reshe ya tsotse abincin itacen, shi kuwa okid aron wurin zama kurum yake yi, abincinsa daga ruwan sama da ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a ɓawo yake samu. Saiwarsa tana lulluɓe da wata fata mai kama da soso, wadda ke shan ruwa nan da nan in an yi sama, sa'an nan iska ta busar da ita. In ta bushe sai ta yi fari kamar azurfa, in ta sha ruwa ta koma kore. Duk wanda ya riƙe wannan bayani ya riƙe rabin sirrin renon okid, domin yawancin waɗanda ke mutuwa a gidaje yawan ruwa ne ke kashe su.

To, fure ya zube, mene ne abin yi? Na farko a duba karan da furen ya fito a kai. In ya bushe ya zama ruwan ƙasa, a yanke shi daga gindi. In har yanzu kore ne, ana iya yanke shi kaɗan a saman wata gaɓa da ke ƙasa da inda furen farko ya fito, sau da yawa yakan yi sabon reshe daga gaɓar nan ya sake fure cikin wata biyu ko uku. Sai dai furen na biyu bai cika kai na farko yawa da girma ba. Ni shawarata ita ce, in tsiron ƙarami ne ko ganyensa ya yi laushi, a yanke karan gaba ɗaya, a bar shi ya tara ƙarfi a ganye da saiwa. Kowace uwa ta san amfanin hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Reza ko almakashin da za a yi yankan da shi a fara gasa shi a wuta ko a goge shi da sifirit, don kada a ɗauko cuta daga wani tsiro a sa masa.

Na biyu shi ne canza masa tukunya, kuma bayan zubar fure ne lokacin da ya fi dacewa, musamman in an ga sababbin saiwoyi masu koren baki sun fara leƙowa. Dalili kuwa, masu sayarwa sukan cusa saiwoyin cikin busasshiyar gansakuka ko ɓawon itace, waɗannan kuwa suna ruɓewa bayan shekara ɗaya ko biyu, su dunƙule kamar taɓo, su hana saiwa shan iska. Yadda ake yi shi ne a jiƙa tukunyar na ɗan lokaci don saiwoyin su yi laushi, a zaro tsiron a hankali, a kakkaɓe tsohon abin da ke jikinsa. Sa'an nan a bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wadda ke da tauri, fara ce ko kore, lafiyayya ce, a bar ta. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi, ko ta zama holoƙo kamar busasshen kara, a yanke ta.

Sabuwar tukunya kada ta fi tsohuwar girma da yawa, kuma lalle ta kasance da huji a gindi, in da hali har da gefe. Ta roba mai gani-har-hanji ta fi, domin mutum yana kallon launin saiwa ya san lokacin ban ruwa. Kada a kuskura a zuba ƙasa, ko da ta fadama ce, ko takin dabbobi. Abin da ake so shi ne manyan gutsattsarin da iska ke ratsawa, kamar ɓawon itace, ko ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa don gishirinsa ya fita, a haɗa da gawayi, a shimfiɗa tsingaro a gindi. Duk waɗannan ba su fi ƙarfin ɗan makaranta ba. A zaunar da tsiron yadda ganyen ƙasa zai kasance a saman ɓawon, a cika gefe har ya tsaya da kansa. Saiwoyin da suka fito waje suna yawo a iska a ƙyale su, haka halinsu yake.

Na uku shi ne reno na yau da kullum. A ba shi ruwa da safe, kamar sau ɗaya a mako, a zuba sosai har ya tsiyaye ta ƙasa, kada a bar tukunyar tana zaune cikin ruwa. In ruwa ya taru a tsakiyar da ganyaye ke fitowa a tsane shi da ƙyalle, domin in wurin nan ya ruɓe da wuya tsiron ya tashi. A ajiye shi kusa da taga mai kallon gabas, inda zai sami haske ba tare da zafin rana tsaka ba. Takin zamani na ruwa kuwa sai bayan 'yan makonni da dashe, kuma a tsarma shi ya zama rabin abin da aka rubuta a kwalba ko ma ƙasa da haka. Daga nan sai haƙuri, domin ganye ɗaya ko biyu kawai yake ƙarawa a shekara.

Abin da ke sa shi fitar da sabon karan fure shi ne saukar zafi. Manoman okid sun gano cewa in zafi ya tsaya a digiri 28 ko fiye, ganye kawai yake yi, sai ya sami makonni na sanyi-sanyi ƙasa da digiri 26 sa'an nan kara ya fito. A nan ƙasar Hausa hunturu na iya ba shi wannan sanyin kyauta, sai dai busasshiyar iskarsa tana cutar da shi, don haka a kawar da shi daga bakin iska, a ajiye faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunyar. Da bazara kuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Kano, a nema masa ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan.

Na san wani zai ce, ina amfanin wannan wahala duk, ba gara a sayi sabo ba? Amsata ita ce a tuna da aikin da aka yi kafin tsiron ya zo hannunmu. Ƙwayar irin okid ƙanana ce kamar ƙura, ba ta da guzurin abinci a cikinta, a daji ma ba ta tsirowa sai da taimakon wani irin naman gwari. Sai a shekara ta 1922 wani malamin Jami'ar Cornell ta Amurka, Lewis Knudson, ya nuna yadda za a tsirar da ita cikin kwalba a kan abinci mai sukari. Har yau a kwalba ake fara renon waɗanda ake sayarwa, kuma sukan yi shekara biyu ko fiye a hannun manoma kafin su yi furen farko. Tsiron da zai iya rayuwa shekara goma ko fiye yana fure kowace shekara, a jefar da shi bayan wata uku, wannan almubazzaranci ne, balle a wurinmu da ake shigo da shi daga waje da tsada.

Wani kuma, watakila cikin iyayenmu, zai ce fure ba a ci ba a sha, yaro ya je ya kama karatunsa. Ina roƙon afuwa, amma ai wannan ma karatu ne. Abin da malamin kimiyyar halittu ke zana mana a allo game da saiwa da ganye, ga shi a fili cikin tukunya ɗaya. Banila da ke ba kek da askirim ƙamshi daga wani irin okid ake samunta. Ƙasashen Holan da Taiwan kuwa sun mai da noman Falanofsis babbar sana'a, suna aika shi ƙasashe da yawa. Bayan haka, yaron da ya koyi duban saiwa kafin ya zuba ruwa, ya koyi jiran shekara guda don fure ɗaya, shi ne gobe zai iya renon dashen mangwaro da lemo, ya kuma riƙe duk amanar da aka ba shi bayan ɗokin sabunta ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu, in aka kawo okid gida kyauta furensa ya zube, kada a kai shi juji. A miƙa wa yaro, a ba shi gawayi da ɓawon kwakwa da gefen taga. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, musamman 'yan ƙungiyar matasa manoma, in kun ji maƙwabci zai jefar da nasa ku roƙe shi ya ba ku, ku kawo makaranta mu rene shi tare, mu riƙa rubuta ranar da aka dasa shi da ranar da sabon kara ya leƙo. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.