Likita Ya Ce Galahanga Ce: To, Sai Me Za Mu Yi?



Akwai wata uwa a ikilisiyoyinmu na ƙasar Gumel wadda ta haura shekara 45. Da izininta nake wannan rubutu, amma ba zan faɗi sunanta ba. Tana yarinya ana yabonta da kunya, domin ba ta ɗaga ido, ba ta surutu. Da ta yi aure sai yabon ya koma zargi: ba ta iya doguwar gaisuwa, ba ta daɗewa gidan biki, in aka tada janareta aka buɗe lasifika ranar Lahadi sai ta fita ta zauna gindin darbejiya. Ni kaina na taɓa kiranta gaban dattawa kan wannan fita. Ina jin kunyar abin har yau.

Bara ta kai ɗanta asibiti a Kano don bai fara magana ba. Likitoci suka ce galahanga ce, abin da Turawa ke kira otizim. Tambayoyin da aka yi mata game da yaron sai ta ji kamar labarinta ake bayarwa. Aka bincike ta, aka tarar ita ma haka ne.

Kada mu yi mamaki. Lokacin da Dokta Leo Kanner ya bayyana wannan hali a Amurka a 1943, yara 11 ya duba, 8 daga ciki maza. Daga nan aka daɗe ana neman abin a jikin 'yan maza, mata kuwa suna koyon ɓoye shi, suna kwaikwayon ƙawaye har su gaji. Mawaƙiya Susan Boyle ta ƙasar Sikotland sai da ta haura shekara 50 kafin ta sani. Ta faɗa wa duniya a 2013.

To, bayan an san sunan abin, ra'ayina shi ne mataki na fari kada a shiga neman waraka. Galahanga yadda aka ƙera ƙwaƙwalwa ce tun daga ciki, tana kuma bin jini. Ba iskoki ba ne, ba sammu ba ne, babu kuma ƙwayar da ke cire ta. Duk wanda ya ce a kawo akuya ko kuɗin mai zai kore ta, cin kuɗinku zai yi. Mu yi addu'a tare da ita, i, amma kada mu tsayar da ita tsakiyar majami'a muna yi mata ihu a ka. Wadda ƙara ke yi wa ciwo, wannan azaba ce.

Abin da ke da magani shi ne abokan tafiyarta: fargaba, baƙin ciki mai tsanani, rashin barci. Mata da yawa sun kwashe shekaru da su, kuma a shekarun ɗaukewar jinin al'ada nauyin kan ƙaru. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne. In kuɗin mota ne matsala, asusun taimako na ikilisiya don irin wannan ake tara shi.

Sai batun wa za a faɗa wa. Mu 'yan kaɗan ne a nan, magana ta fita da safe, kafin yamma ta kai Gagarawa. Ita ke da ikon zaɓa. Miji dai ya kamata ya sani, a zaunar da shi a natse, ya gane cewa shirunta bayan dawowa daga kasuwar Maigatari ran Alhamis gajiya ce, ba raini ba. Dattijon da aka ba shi wannan amana kada ya mai da ita abin roƙon addu'a a bainar jama'a.

Gare ku shugabannin Zumuntar Mata: ku tambaye ta abin da take so, kada ku yanke mata. Wannan 'yar'uwa da muka tambaye ta, abu uku kawai ta roƙa. A bar ta ta zauna kusa da ƙofa, nesa da ganga. A gaya mata tun da wuri in za a sauya shiri. A kuma yi mata magana kai tsaye, domin habaici da zaurance ba ta kama su, sai daga baya ta ji an ce ta yi laifi. Babu wanda ya ci mana ko kwabo.

Ta ce mini kwana uku ta yi tana kuka bayan Kano, rabi don sauƙin da ta ji, rabi don shekarun da suka wuce ana ce mata mai girman kai. Na je gidansu tare da dattawa biyu muka roƙi gafararta. Yanzu ita ke riƙe da littafin adashen mata, kuma tun da ta karɓa ba a sake gardamar lissafi ba.