Farin ƙwan LED: mu saya ko mu bari?



A taronmu na jiya wata Hajiya ta ce ita kam ba ruwanta da farin ƙwan LED, tsada gare shi, gara jan ƙwan da muka saba. Hajiya ki yi haƙuri, ban yarda ba.

Jan ƙwai yana cin wat 60, farin da ya kai shi haske wat 9 kacal. A ce ƙwai biyar ne a gidanki, awa biyar kullum: jan zai cinye yunit 45 a wata, farin ko 7 bai cika ba. Mai mitar kati, ki buga lissafin da kanki. Mai sola ma batirinki zai fi daɗewa.

Gaskiya, wadda ake kawo wa bil na ƙiyasi ba za ta ga ragi a takarda ba. Amma ko ke, ɗakinki zai rage zafi da bazara, kuma ran da wuta ta zo rabi-rabi, farin yakan haska yara su yi tilawa.

Sai dai fa jabu sun cika kasuwa. Ni kaina na kwashi uku masu araha, sati biyu duk suka mutu, Maigida yana ta yi mini dariya. Ki sa mai shago ya gwada a gabanki, ki karɓi rasit. Ba sai kin canza duka rana ɗaya ba, ki fara da na tsakar gida tunda shi ke kwana a kunne.

A tura wa matan mazaɓu, don Allah.