Kwali biyu kafin manhaja: yadda shagon ƙungiya zai daina rasa maganin dabbobi

Ƴan'uwa makiyaya da shugabannin ƙungiyoyi, a yawon aikin da nake yi tsakanin shagunan maganin dabbobi na ƙungiyoyi a jihar Maraɗi, kukan da na fi ji shi ne "magani ya ƙare". Makiyayi ya yi tafiyar rabin yini don kwalba ɗaya ta oksitetrasiklin, a ce masa ya dawo kasuwa mai zuwa. Ba zai dawo ba. Zai je wurin mai baza magani a tabarma, wanda kayansa suka sha rana kuma ba a san daga ina suka fito ba, ya saya ya yi wa saniyarsa. In ta warke, sa'a. In ba ta warke ba, ya yi asarar kuɗi, wataƙila har da saniyar.

Yanzu ana ta kawo wa ƙungiyoyi manhajar lissafin kaya a waya ko kwamfuta, ana cewa ita ce maganin wannan matsala. Ni ra'ayina, manhajar tana da amfani, amma in ba a aza ta bisa tsarin kwali biyu ba, ado ce kawai.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane irin magani a raba shi kwali biyu. Ana sayarwa daga na farko, na biyu yana rufe an ɗaure shi. Ranar da na farko ya ƙare, ranar ce ake aika oda, ba gobe ba, sannan a buɗe na biyun a ci gaba da sayarwa. Kaya in sun iso, a zuba su cikin kwalin da ya ƙare, a ɗaure, shi ne ya koma na ajiya. Ta haka tsohon magani ke fita kafin sabo, ba ya kwana a ƙasan kwali har wa'adinsa ya wuce.

Inda aikin yake shi ne sanin nawa za a zuba cikin kwalin. A ce shagonku na sayar da kwalba 10 a mako, kuma daga ranar aika oda zuwa ranar da motar kasuwa za ta sauke kaya ana mako 2. Kwalba 20 ke nan. A ƙara 10 saboda ranar da mota ta lalace ko mai sayarwa ya ce babu, sun zama 30. To amma wannan lissafin rani ne. Da damina ta faɗi, tsutsar ciki da kaska sun taso, albandazol da ibamektin na fita kamar ana rabo, ga hanya ta ɓaci. In ana sayar da 20 a mako kuma kaya na yin mako 3 a hanya, kwalin ajiya na bukatar 60, da ƙarin 20 na ko-ta-kwana. Shagon da ya bar adadin rani har cikin watan Agusta, kwali biyun ma ba za su cece shi ba. Haka lokacin da garkuna ke saukowa daga arewa bayan girbi, da kuma makonnin kiwon ragunan layya.

A nan ne manhaja ke cin kuɗinta. Ita ke tuna abin da aka sayar a damina ta bara, mako bayan mako, wanda kan mai tsaron shago ba zai riƙe ba. Ita ke nuna maganin da wa'adinsa ya kusa cika tun da saura wata uku. Kuma tana iya sanar da ma'aji da shugaba lokaci guda cewa an buɗe kwali na biyu, ba sai an jira taron wata ba. Amma ba ta san komai sai abin da aka shigar mata. Ranar kasuwa mutum ashirin na tsaye bakin shago, wa ke da lokacin danna waya kan kowace ƙwayar albandazol? Ga rashin caji, ga rezo da ke ɗaukewa. Sai waya ta ce saura 14, kanta kuma babu ko ɗaya. Kwalin da ya ƙare kuwa, ko wanda bai yi lakwal ba in ya leƙa ya gani. Shi ya sa nake cewa in waya da kwali suka saɓa, a bi kwali, a gyara waya.

Na san abin da ma'aji zai ce: kwali na biyu kuɗi ne kwance, ƙungiya kuma ba ta da su. Gaskiyarsa. Saboda haka kada a yi wa kowane kaya. A zaɓi biyar ko shida da rashinsu ke kashe dabba ko ke korar mai saye, sauran a bar su yadda suke. Allurar rigakafi mai bukatar firijo ma ban da ita, don wadda ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8 ba a tara ta a shagon da wuta ba ta da tabbas. A daidaita da ma'aikatan kiwo ko likitan dabbobi na yankin lokacin da za a yi ta.

Abin da ya fi kashe tsarin nan shi ne bashi. Kwali ya ƙare, an zo aika oda, sai a tarar kuɗin maganin yana hannun mambobi, kowa na jiran ya sayar da rago. Ina ba kowace ƙungiya shawara ta yanke a babban taronta cewa kuɗin kwali na farko ba a taɓa shi, kuma mai tsaron shago na da iznin aika oda da sa hannun ma'aji kaɗai. Igiyar kwali na biyu kuma, ko shugaba ne ya zo da kansa, ba a kwance ta sai na farko ya ƙare.