Leƙen Finafinan Waje: Kyarkeci Ya Shigo Gari

Turawa na da wata tatsuniya mai suna Little Red Riding Hood, labarin yarinya mai jan mayafi da aka aika ta kai wa kakarta abinci. Kyarkeci ya tare ta a daji, ya bugi cikinta ta faɗa masa gidan, ya riga ta isa, ya cinye tsohuwar, ya kwanta a gadonta. A rubutun Bafaranshen nan Charles Perrault na 1697, ita ma yarinyar cinye ta ya yi, ƙurunƙus. Sai a na 'yan'uwa Grimm na Jamus, a 1812, aka kawo maharbi ya cece su.

Wannan tatsuniya ce darakta Matthew Bright ya mayar fim ɗin 'yan sanda da masu laifi a 1996, ya sa masa suna Freeway. Dajin ya koma babbar hanyar mota ta I-5 a Kalifoniya ta Amurka. Jaruma Reese Witherspoon ta fito a matsayin Vanessa, 'yar talakawa, wadda ko karatu ba ta iya ba. Da 'yan sanda suka kama uwarta da mijin uwar, sai ta ɗau mota ta nufi Stockton wurin kakarta. Mota ta lalace a hanya, wani kamilin mutum ya rage mata hanya. Shi ne Bob Wolverton, wanda Kiefer Sutherland ya fito a matsayinsa, mai aikin ba kangararrun yara shawara. Ashe shi ne makashin 'yan matan da ake nema ruwa a jallo!

A nan fim ɗin ya yi armashi. Vanessa ta harbe shi, amma bai mutu ba, fuskarsa ce ta lalace. To wa za a gaskata? Shi mai aiki ne, mai mata, mai mutunci a idon jama'a. Ita kuwa an san ta da sace-sace. Sai aka tausaya wa mugu, aka kulle yarinya. Kafin 'yan sanda su farga, ta tsere, shi kuma ya riga ta gidan kaka, ya kashe tsohuwar ya shige gadonta. Da hannunta ta gama da shi. Maharban sun iso bayan an sha ruwa an watse.

Darasi ga furodusoshin Kano da Kaduna: kamfanin Sarauniya ya nuna da Daskin Da Riɗi cewa tatsuniya na karɓuwa a kasuwa. Saura a cire wa Dodo gashi da ƙaho, a sa masa babbar riga, a ba shi mota, sannan a ga ko unguwa za ta yarda da maganar 'yar tallar da ta tona shi.