Raddi ga Masu Cewa Conrad Ya Tsaya wa Afirka

Littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Blackwood's a 1899, kuma duk mai karatun adabin Ingilishi, a Landan yake ko a Yamai, sai ya ci karo da shi. A 1948 manazarci F. R. Leavis ya sa Conrad cikin gwanaye huɗu na ƙagaggen labarin Ingilishi, tare da Jane Austen da George Eliot da Henry James. A 1975 Chinua Achebe ya tsaya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka ya ce littafin cike yake da wariyar launin fata. A 1983 Cedric Watts ya mayar masa da martani, yana cewa Conrad mai tona asirin mulkin mallaka ne. Hujjojin Watts da masu ra'ayinsa huɗu ne, kuma kowace tana da amsa.

Ta farko, sun ce Marlow ne ke ba da labarin, saboda haka ba a ɗora wa marubuci laifin bakin tauraronsa. Ƙa'idar daidai ce, amma marubucin da ke son nisanta kansa da mai ba da labari yakan bar alama. Conrad ya bar ta inda ya ga dama. Ya nuna akawun kamfani cikin fararen kaya masu guga yana gyara lissafi, ga leburori suna mutuwa a inuwar itatuwa kusa da ofishinsa. Ya nuna jirgin yaƙin Faransa yana ɓarin wuta cikin kurmin da ba a ganin kowa. A nan mai karatu ya san suka ake yi. Da aka zo kan yadda Marlow ke siffanta baƙar fata, babu wata murya a littafin da ta gyara masa zance. Conrad kansa ya hau kogin Kongo a 1890, hanyar da ya ɗora Marlow a kanta.

Ta biyu, sun ce littafin ya fallasa zaluncin Turawa. Ya fallasa: akwai mutane ɗaure da sarƙa a wuya, akwai kawuna soke a kan itace kewaye da gidan Kurtz. Abin tambaya shi ne, asarar wa littafin ke yi wa kuka? Ta Kurtz ce, haziƙin Bature da aka ce daji ya lalata. Tarihin Nijar ya nuna haɗarin wannan fassara. A shekarar da mujallar ke buga labarin, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine tana ratsa ƙasar nan daga bakin Kwara zuwa gabas. Ta auka wa Lugu a watan Afrilu, inda Sarauniya Mangu ta tare ta, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu. Kanal Klobb, wanda aka turo ya tsayar da ita, ya bi sawunta ta ƙonannun garuruwa da rijiyoyi cike da gawa, har Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899. A Faransa sai aka ce zafin yankin ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. Da wannan uzuri aka ɗora laifi kan rana da daji, aka wanke tsarin da ya aiko su, ragowar rundunar kuma ta ci Damagaram a ƙarshen watan, Faransa ta riƙe ƙasar. Labarin da ke cewa Afirka ce ke haukata Bature yana ba azzalumi mafaka, ko da marubucinsa ya tsani zaluncin.

Ta uku, sun ce Conrad ɗan zamaninsa ne, kada a auna shi da ma'aunin yau. To, a auna shi da na zamaninsa. A 1890 ɗin da ya je Kongo, George Washington Williams, baƙar fata ɗan Amurka, ya rubuta wa Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam buɗaɗɗiyar wasiƙa daga can, yana jera laifuffukan jami'ansa a kan mutanen da ya ɗauka masu haƙƙi da ƙasa. A 1904 rahoton Roger Casement, wanda Conrad ya sani tun a Kongo, ya fito ɗauke da shaidar da mutanen ƙasar suka bayar da bakinsu. Ke nan a zamanin akwai masu sauraron Bakonge. Rashin jin muryarsa a littafin zaɓin marubuci ne.

Ta huɗu, sun ce aikin fasaha da fasaha ake auna shi, siyasa daban. Ko a nan hujjar ba ta tsaya ba. Leavis, wanda ya ɗaukaka Conrad, shi ne ya soki yadda yake jibga siffofi na abin da ba ya faɗuwa kuma ba ya ganuwa, har ya ce hakan ya rage wa littafin ƙarfi. Achebe ya nuna inda siffofin suka fi taruwa, wato kan ƙasar da mutanenta. Babu Ba'afirke ko ɗaya da aka ba suna. Harshensu an mayar da shi gurnani, kuma sau biyu kawai aka sa musu kalmomi a baki, da gurguwar Ingilishi: ɗaya yana roƙon a ba su mutane su ci, ɗaya yana sanar da mutuwar Kurtz. Gina taurari shi ne ƙashin bayan ƙagaggen labari, saboda haka wannan naƙasu ne na fasaha tun kafin ya zama na ɗabi'a.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafin Sarraounia, inda mutanen Lugu ke da sunaye, suna shawara, suna saɓani, suna yanke hukuncin yaƙi. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ma ya ƙawata tarihi, kamar kowane mai ƙagaggen labari, amma ya mayar wa waɗanda aka yaƙa da bakinsu. A fim ɗin African Apocalypse na 2020, jikokin waɗanda abin ya shafa sun ba da labarin da Hausa. A Yamai kuma, cibiyoyin IRSH da CELHTO suna adana tarihin baka na yankin ga mai son bincike.

Watts ya yi daidai da ya ce littafin ya cancanci karatu, kuma Conrad ya ƙi zaluncin da ya gani. Ya kuskure da ya mayar da ƙin zalunci daidai da girmama wanda aka zalunta. Malamin da zai koyar da Heart of Darkness a Nijar ya haɗa shi da Mamani da tarihin 1899, domin ɗalibi ya ji ɓangarorin biyu kafin ya yanke hukunci.