Sun san Walas, ba su san Burmi ba

A wani zama da aka yi a zauren dattijonmu nan Ƙala'at an-Nahal bayan an gama yankan riɗi, an tambayi samari wane ne gwarzonsu a tarihi. Wani yaro mai hazaƙa ya miƙe ya ce nasa Wiliyam Walas ne, mutumin Sikotilan da ya yaƙi Ingila. Ya kawo labarin tiryan-tiryan: nasarar da ya ci a gadar Sitaling a 1297, karyewar rundunarsa a shekara mai bi, da kisan gillar da aka yi masa a Landan a 1305. Da aka ce masa, "To, Burmi fa?" sai ya tambaya ko sunan mutum ne.

Ba mu da faɗa da Walas. Namiji ne, ya ƙi miƙa wuya, kuma mutanensa sun riƙe masa amana, har suka gina masa hasumiya kusa da inda ya yi yaƙin, aka kammala ta a 1869. Amma yaranmu ba a littafi suka haɗu da shi ba. Fim ɗin Braveheart na 1995 ne ya kawo musu shi a waya, fim ɗin da ya nuna yaƙin gada ba tare da gadar ba. Wato ko Walas ɗin ma, kwaikwayonsa suka sani.

Ga abin da ba su sani ba. Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawa ta ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, wanda bai fi 'yan watanni a kan gado ba, ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira. Duk garin da ya ratsa, mutane suka bar gonakinsu ana dab da shuka suka bi shi, manoma da malamai da mata masu goyo, har hankalin Turawa ya tashi ganin ƙauyuka suna zama kufai. Suka bi sawunsa zuwa Burmi, a ƙasar Gombe ta yau. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka gwabza, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban rundunar Turawa Manjo Mash shi ma ya faɗi a wurin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ci gaba da tafiya, har suka sauka a gaɓar Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Garin Mai Wurno yana nan, ba fim ba ne, mota tana zuwa.

Mun ji masu cewa ai Attahiru kaye ya sha, kuma gudu ya yi. Mai gudu ba ya tafiya da tuta a gabansa da tsofaffi a bayansa, ba ya kuma juyowa ya tsaya a bakin ganuwa. In kuwa kaye ne aibi, Walas ma an kayar da shi, aka kama shi aka kai wa maƙiyinsa. Wasu kuma sun ce Bafulatani ne, me ya haɗa shi da mu? Wannan magana tana ba mu kunya. Waɗanda suka mutu a Burmi ba a tantance su da harshe ba, kuma nan Sudan da suna ɗaya ake kiranmu duka, Fallata, ko mun so ko mun ƙi.

Ba mu ce kowane Bahaushe na Gadarif jikan mutanen Burmi ne ba. Wasu kakanninmu hanyar Hajji ta kawo su tun kafin haka, wasu sun zo daga baya neman noma, a Jazira da nan ƙasar dawa da riɗi. Kowane gida da tafiyarsa. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne, iyaye sun ɓoye waɗannan tafiye-tafiye kamar abin kunya, suna tsoron kada a ce 'ya'yansu baƙi ne. Ɓoyon bai hana komai ba. A 2022, da rikici ya tashi a jihar Nilul Azraƙ aka kashe mutane aka kori dubbai daga gidajensu, maganar da aka jefi Hausawa da ita ke nan: ba ku da ƙasa a nan. Yaron da bai san shekarar da kakan kakansa ya sauka ba, bai san dajin da ya sare ba, bai san inda kabarinsa yake ba, da me zai amsa? Da gadar Sitaling?

Laifin namu ne mu masu riƙe da alƙalami. Mun rubuta takardun aure da na gado da na sulhu ba adadi, ba mu taɓa zama gaban tsohuwa mun ce, "Iya, daga wane gari aka taso da ku?" ba. Daminar bana kaɗai mun binne biyu daga cikin masu iya lissafa zangon tafiya ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan Juma'a, bayan La'asar, za a fara zama a zaure da sauran da suka rage. Samari su zo da wayoyinsu a cike da caji, yaron nan mai Walas shi muka ɗora wa ɗaukar murya.